Ɗan Gwangwanin da Ke Kashe Na'urar Raba Intanet

Suwic, wato akwatin nan mai ramuka biyar ko takwas da ake soka wa wayoyi domin kwamfutocin gida ko na shago su sami intanet tare, ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Da kaɗan-kaɗan yake farawa: fitilunsa su riƙa ƙyaftawa gaba ɗaya, ya ɗauke ya dawo, wani lokaci har da siririn fito. Mai shi ya zargi kamfanin intanet, ya canza waya, daga baya ya gaji ya wurgar da shi. Alhali sau da yawa abin da ya lalace bai fi kan yatsa ba.

Kafasita ce, wadda wasu masu gyara ke kira kwandansa. Ɗan gwangwani ne da aka nannaɗe fallayen alminiyom da takarda mai jiƙe da ruwan sinadari a cikinsa. Aikinta tara wuta da sakinta daidai wa daida, don kada ta isa ga ƙwaƙwalwar na'urar tana rawa. Zafi ne babban abokin gabarta, domin yana busar da ruwan nan. Injiniyoyi na da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwananta. Ke nan suwic da aka cusa bayan talabijin a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya fi saurin tsufa.

Matsalar ta taɓa zama annoba. Daga wajen 1999 zuwa 2007, miliyoyin kafasitoci, galibi ƙirar wasu masana'antun Taiwan, sun riƙa kumbura tun kwanansu bai kai ba, saboda kuskuren haɗin sinadari da ke tara iskar haidirojin a ciki. Kwamfutocin OptiPlex na kamfanin Dell ma sun sha fama da lalatattun kafasitoci, abin da ya ci wa kamfanin ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Gwanin mai gyara ba ya saurin kwance akwati. Adaftar da ke ba suwic wuta yake fara aunawa, don ita ma tana ɗauke da irin waɗannan gwangwanaye. Idan lafiyarta ƙalau, sai ya buɗe suwic ɗin ya duba allon da ke ciki. Kan lafiyayyar kafasita a shafe yake, da tsagar gicciye a samansa. Wadda ta mutu kuwa kanta ya yi tozo, ko ta tsiyayar da wani abu ruwan ƙasa da ya bushe. Akwai kuma wadda ke mutuwa ba alama, sai mita ta tona ta.

Daga nan sai ya narkar da dalmar ƙafafunta biyu, ya zare ta, ya karanta lambobin jikinta. Idan an rubuta maikrofarad 1000 da bolt 10, sabuwar ma 1000 za ta kasance. Bolt ɗin zai iya ɗarawa, amma ba ya gazawa. An fi son mai jure digiri 105, ƙirar irin su Panasonic ko Rubycon. Zanen da ke gefenta yana nuna ƙafar nagetif, kuma idan aka juya ta, tana iya fashewa.

Manyan suwic da ake jonawa kai tsaye a soket na bango lissafinsu daban ne. Babbar kafasitarsu na iya riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare filogi, shi ya sa masu gyara ke sauke wutarta kafin su kai hannu.