Rediyon da ke Cikin Wayar Salula: Abin Dubawa Kafin a Sauya Waya

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar waya, kamar ta Farm Centre da ke Kano, ya san irin tambayoyin da masu saye suke yi. Ana tambayar faɗin fuskar waya, da kyawun hoton da take ɗauka, da daɗewar batirinta, da yawan abin da cikinta yake iya ajiyewa. Da wuya a ji wanda ya tambayi irin rediyon da ke cikinta, alhali kuwa rediyon shi ne ya mayar da ita waya. Sau da yawa sai mutum ya sayar da tsohuwarsa, ya cika kuɗi ya karɓo sabuwa, sannan ya tarar akwai aikin da tsohuwar take yi wanda sabuwar ta kasa. Ayyuka biyu ne aka fi yin asararsu ta wannan hanya: yin magana da amfani da intanet a lokaci guda, da kuma kama tashoshin FM.

Waya tarin rediyoyi ce

A ilimin kimiyya, rediyo shi ne duk wata na'ura da ke aikawa ko karɓar saƙo ta igiyoyin lantarki da maganaɗisu, waɗanda ke ratsa sarari da gudun haske, watau kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Bisa wannan ma'ana, wayar zamani tana ɗauke da rediyoyi da dama. Akwai wanda ke magana da turken kamfanin sadarwa, akwai na Wi-Fi, da na Bluetooth, da mai sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, wasu kuma har da na FM.

Abin da ya bambanta igiyoyin nan shi ne yawan kaɗawarsu a daƙiƙa, wanda ake aunawa da megahaz. Megahaz ɗaya na nufin kaɗawa sau miliyan ɗaya. Ɗaliban fiziks sun san cewa idan aka raba gudun haske da yawan kaɗawa za a sami tsawon igiya. Igiya mai megahaz 100, irin ta FM, tsawonta mita 3 ne. Mai megahaz 900, irin ta GSM, santimita 33 ne kacal. Yana da kyau a riƙe waɗannan alƙaluma biyu, domin tsawon eriya yana bin tsawon igiyar da ake son ta kama, kuma za a dawo kansu idan an zo batun FM.

Hukumomi sun yanka sararin igiyoyi zuwa zango-zango, kowane zango da lambarsa. A tsarin 4G, zango na 3 shi ne megahaz 1800, na 7 megahaz 2600, na 20 megahaz 800, na 28 kuwa megahaz 700. Igiya mai ƙarancin kaɗawa ta fi nisan zango, ta kuma fi ratsa bango, shi ya sa ta fi amfani a karkara da cikin ɗaki. To amma waya ba ta jin zangon da ba a gina mata shi ba, kome tsadarta. Lokacin da kamfanin Glo ya buɗe 4G a Nijeriya a shekarar 2016 a kan zango na 28, mutane da yawa sun tarar wayoyinsu, waɗanda aka rubuta 4G ɓaro-ɓaro a kwalinsu, ba sa ganin wannan sabis ɗin. Wayoyin da aka ƙera domin kasuwar Amurka su ma suna da megahaz 700, sai dai nasu zanguna na 12 da 13 da 17 ne, waɗanda tsarinsu daban yake da na 28.

Shatar mota da saƙon tasha

Domin a fahimci dalilin da ke sa intanet ta tsinke idan kira ya shigo, sai an san cewa hanyoyi biyu ne ake bi wajen isar da saƙo. Hanya ta farko ita ce wadda tarho ya gada tun asali: da zarar an ɗaga kira, sai a keɓe wa masu magana biyu layi nasu su kaɗai har su gama, ko suna magana ko sun yi shiru. Wannan ya yi kama da shatar mota, inda mutum ɗaya ke kama mota sukutum ko da kujeru sun tafi babu kowa. Hanya ta biyu ita ce ta intanet: ana daddatsa bayani zuwa ƙananan ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshi, a jefa shi a duk motar da ta samu tare da kayan wasu, kamar yadda ake ba da saƙo a tasha. Idan ƙunshin sun isa sai a sake jera su.

Tsarin GSM, watau 2G, wanda ya shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, domin murya aka yi shi, daga baya aka liƙa masa data. A galibin wayoyi, idan alamar E ce a saman fuska, to da kira ya shigo data za ta dakata har a ajiye. Tsarin 3G na dangin GSM, mai nuna alamar 3G ko H ko H+, shi ne ya fara haɗa shata da saƙon tasha a kan igiya ɗaya, mutum yana magana yana buɗe shafi.

Sai dai akwai wani dangi na dabam mai suna CDMA, wanda manyan kamfanonin Amurka biyu, Verizon da Sprint, suka yi amfani da shi, kamar yadda Starcomms da Multi-Links da Visafone suka yi a Nijeriya kafin su shuɗe. A wannan dangi, murya tana bin wata igiya, data mai sauri tana bin wata, rediyon waya kuma ɗaya daga ciki yake iya saurare a lokaci guda. Saboda haka iPhone 4 ta kamfanin AT&T tana haɗa magana da intanet, amma iPhone 4 ta Verizon, wadda ta fito a watan Fabrairu na 2011, ba ta iyawa. Sunansu ɗaya, kamarsu kusan ɗaya, rediyonsu ne ya bambanta.

Abin da ya fi wannan zama darasi ya faru ne bayan zuwan 4G. Shi tsarin 4G, wanda ake kira LTE, saƙon tasha ne zalla. Babu shata a cikinsa sam, don haka a farkonsa ba shi da hanyar ɗaukar kiran murya. Masu ƙera waya suka nemi mafita iri biyu. Wasu suka sanya rediyo biyu a waya ɗaya, ɗaya na riƙe da murya a CDMA, ɗaya na riƙe da data a LTE. Haka aka yi wa HTC Thunderbolt ta shekarar 2011, wadda ke haɗa ayyukan biyu, ko da yake ta yi suna wajen shan batir. Wasu kuma suka ƙi ƙara rediyo saboda wuri da batir. Da iPhone 5 ta fito a watan Satumba na 2012, masu layin Verizon da Sprint da suka ajiye irin su Thunderbolt suka saye ta sun tarar da zarar sun ɗaga kira intanet ta tafi, in ba a kan Wi-Fi suke ba. Ga waya ta fi sabunta, ta fi sauri, ta fi tsada, amma ta kasa abin da wadda ta girme ta da shekara ɗaya da rabi take yi.

A dangin GSM kuwa dabarar ita ce saukowa. Idan kira ya shigo, waya sai ta bar 4G ta sauko 3G, ta yi kiran, sannan ta koma. Idan ta sami 3G, data za ta ci gaba a hankali. Idan kuwa 2G kaɗai ta samu a wurin, data ta tsaya. Wannan shi ne sirrin abin da mutane suke gani, alamar 4G ta rikiɗe ta koma H ko E daidai lokacin da waya ta fara ƙara.

Maganin dindindin shi ne VoLTE, watau a daddatsa ita ma muryar zuwa ƙunshi a tura ta cikin 4G, tare da ba ta fifiko a kan sauran kaya don kada magana ta riƙa yankewa. An fara shi a watan Agusta na 2012 a Koriya ta Kudu da kuma wani kamfanin Amurka mai suna MetroPCS, Verizon kuma ya biyo baya a 2014. Amma VoLTE yana da sharaɗi uku: kamfanin sadarwa ya samar da shi a yankin, waya ta iya shi, sannan manhajar wayar ta san saitin wannan kamfanin. Sharaɗi na uku ne ke kayar da yawancin wayoyin da aka shigo da su daga wata ƙasa. Lamarin kuma ya wuce batun jin daɗi, domin ƙasashe suna rufe tsofaffin tsare-tsare. AT&T ya kashe 3G a watan Fabrairu na 2022, Verizon ya kashe CDMA a ƙarshen wannan shekara. A Ostareliya, da aka zo rufe 3G a watan Oktoba na 2024, an toshe wayoyin 4G da ba sa iya kiran lambar agajin gaggawa ta 000 ta VoLTE, masu su suka wayi gari babu sabis.

Wani abu da ya shafi Nijeriya da Nijar ƙwarai shi ne waya mai layi biyu. Galibin irin waɗannan wayoyi rediyo ɗaya layukan biyu suke karɓa-karɓa a kansa. Idan data tana kan layi na ɗaya aka kira na biyu, to rediyon zai koma wajen kiran, data ta tsaya, ko da akwai VoLTE, sai fa a wayoyin da aka yi musu dabarar mayar da data kan layin da ake magana da shi. Mai sana'ar POS da ke jiran shigar kuɗi alhali mai turowa yana kan layi, da malamin da ya raba wa kwamfutarsa data yana cike wa ɗalibai rajistar jarrabawa, sun san abin da tsinkewar minti biyu take jawowa.

Ina FM ta tafi?

Yanzu sai a koma ga alƙaluman nan biyu. Eriya mai kyau takan kai kwatan tsawon igiya. Ga megahaz 900, kwatan santimita 33 bai wuce santimita 8 da ɗoriya ba, wanda za a iya naɗe shi a cikin waya. Ga FM kuwa, wadda ke tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, kwatan mita 3 santimita 75 ne. Wannan ne ya sa waya take cewa a saka iyafis kafin rediyo ya buɗe: igiyar iyafis ɗin ita ce eriyar. Da kamfanoni suka fara cire ramin iyafis, kamar yadda Apple ya yi a iPhone 7 a 2016, sai eriyar ta tafi, kuma na kunne mai Bluetooth ba ya maye gurbinta tunda ba shi da igiya. Abin mamaki shi ne ƙananan wayoyi masu araha, irin na Tecno da itel, su ne suka fi riƙe FM, wasu ma da eriyar ciki, manyan masu tsada kuma su suka fi yar da ita.

Ana iya cewa ai akwai tashoshi a intanet. Gaskiya ne, amma da bambanci. Tashar da ke turo sauti a kan kilobit 64 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya. Mai saurare awa biyu kullum zai ƙone fiye da megabait 1,700 a wata. FM kyauta ce, ba ta shan batir sosai, kuma ba ta dogara da turken kamfanin waya ba. A watan Satumba na 2017, bayan guguwar da ta kayar da turakun sadarwa a sassan Amurka, shugaban hukumar sadarwa ta ƙasar, Ajit Pai, ya nemi Apple da ya kunna FM a wayoyinsa; kamfanin ya amsa cewa iPhone 7 da 8 ba su da na'urar FM, ba su kuma da eriyarta. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kira da intanet sun ɗauke gaba ɗaya, amma igiyar gidajen rediyo ba ta bi ta turakun da aka kashe ba. Duk da haka a sani cewa FM kaɗai waya take kamawa. Mai son gajeren zango ko matsakaici sai ya riƙe akwatin rediyonsa.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Sunan waya bai isa shaida ba, domin kamfani yakan fitar da waya ɗaya iri uku ko huɗu, kowace da ƙasar da aka yi dominta. Lambar samfuri, wadda ke jikin kwali da cikin saitin waya, ita ce ke faɗin zangunan da take ji, sai a gwama su da na kamfanin da ke da ƙarfi a garin mai saye. Wanda zai sayi ta hannu daga Amurka ya duba ma ko tana da ramin layi, domin tun daga iPhone 14 ta 2022 waɗanda ake sayarwa a can ba su da shi.

Sauran kuwa gwaji ne da kowane ɗalibi zai iya yi a gaban mai shago, malamin kimiyya ma zai iya yin sa a aji da wayoyi biyu ko uku. A saka layin da za a riƙa amfani da shi, a kashe Wi-Fi, domin idan yana kunne zai ɓoye matsalar. A kira wani, a bar kiran yana tafiya, a buɗe shafin da ba a taɓa buɗewa a wayar ba, ido yana kan alamar da ke sama. Idan 4G ta tsaya daram kuma shafi ya buɗe, VoLTE yana aiki. Idan ta koma H shafi ya buɗe a hankali, saukowa wayar take yi, kuma ranar da aka je inda babu 3G za ta tsaya. Idan ta koma E, to ta riga ta tsaya. Sannan a saka layi na biyu a maimaita, ana kira da ɗaya data tana kan ɗaya. Daga nan a nemi manhajar rediyo, a saka iyafis, a kashe data baki ɗaya, a murɗa zuwa tashar garin. Idan sauti ya ci gaba da fita, FM ce ta gaske. Idan ya ɗauke, tashar intanet ce aka yi wa hoton rediyo.