In Kunne Ya Ji: Tafiyar Gargaɗin Ambaliya Daga Ofis Zuwa Bakin Kogi

Kowace shekara, tun kafin ruwan shuka ya sauka, hukumomi biyu na Gwamnatin Tarayya sukan tara manema labaru a Abuja su bayyana abin da suke tsammanin damina za ta zo da shi. Hukumar Kula da Yanayi, watau NiMet, wadda aka kafa a 2003, ita ce kan fara, a farkon shekara. Takan faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai fara a kowace jiha, da lokacin da zai ɗauke, da wuraren da ake tsoron zai yi tsaiko bayan an yi shuka. Bayanta sai Hukumar Lura da Koguna, watau NIHSA, wadda tun 2013 take fid da kundin hasashen ambaliya.

A kundin da ta fitar cikin watan Afrilu na 2024, hukumar ta lissafta ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 waɗanda ta ce suna cikin babban haɗari. Jihar Borno tana cikin jerin. Bayan wata biyar, cikin daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da Fori da Bulabulin mutane suna barci, ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, ya rushe katangar gidan yari, ya kwashe namun dajin gidan zu. Fiye da mutum 400,000 suka bar gidajensu, da yawansu da tufafin jikinsu kaɗai.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Ba kuma za a ce mutumin Gwange ya ji gargaɗi ya ƙi ba, domin abin da aka karanta a Abuja cikin bazara bai gaya masa daren da zai ɗauki 'ya'yansa ba, bai kuma gaya masa inda zai nufa da su ba. Tsakanin waɗannan biyu ne matsalar take.

Yadda ake gane ruwa yana tafe

Ambaliyar manyan koguna ita ce mafi sauƙin hange, saboda ruwan kogi yana da hanya, kuma tafiyarsa tana cin kwanaki. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini cikin watan Agusta yakan bazu a fadamun tsakiyar Mali ya yi jinkiri, ba ya isa Yamai sai wajen Disamba ko Janairu. Shi ne masana suke kira baƙar ambaliya. Akwai kuma ja, wadda kogin Sirba da 'yan'uwansa suke kawowa daga wajen Burkina Faso a tsakiyar damina, mai launin jar ƙasa, wadda ta fi sauri ta kuma fi ɓarna. A Yamai akwai ma'auni a bakin kogi, sanda ce mai lambobi. In ruwa ya kai santimita 620 an shiga abin da suke kira jan mataki. A watan Satumba na 2020 ya kai wajen 700, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo a wurin, kuma a daminar nan ne manoman shinkafa na Jihar Kebbi suka yi asarar da har yanzu suke ba da labarinta.

Irin waɗannan ma'aunai suna nan a Jidere Bode, inda kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, da Wuro Bokki, inda Binuwai ke shigowa daga Kamaru, da Makurdi, da Lokoja inda kogunan biyu suka haɗu. Hukumar Kogin Kwara ta ƙasashe tara, mai hedkwata a Yamai, ita ke tattara alkaluman ƙasashen ta raba musu. A Yamai ɗin ne kuma cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a yankin Sahel, kuma takan tara masana yanayi na Afirka ta Yamma kafin damina su yi hasashe tare. Yau an ƙara da hotunan tauraron ɗan Adam da lissafin kwamfuta, amma har yanzu gindin aikin shi ne ma'aikacin da zai je bakin ruwa da safe ya karanta lamba ya aika. Inda sandar ta karye ba a gyara ba, ko ba a biya mai karatun alawus ɗinsa ba, kwamfuta ba ta da abin da za ta lissafa.

A 2012 ruwa ya kai mita 12.84 a ma'aunin Lokoja. Hanyar Abuja zuwa Lokoja ta yanke, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa, watau NEMA, ta ƙirga mutum 363 da suka rasu, da fiye da miliyan biyu da suka rasa matsuguni. Wannan masifa ce ta sa aka soma kundin hasashen shekara-shekara. Amma bayan shekara goma, a 2022, ruwa ya wuce mita 13 a wuri guda, mamata suka haura 600, alhali an yi hasashe, an kuma aika wa gwamnatocin jihohi takardu.

Jama'a sun saba ɗora laifin duka a kan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982 kudu da Garwa. Lalle sakin ruwanta yana ƙara nauyi a kan Binuwai, amma ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya shaida wa Majalisar Dattawa a 2022 cewa mafi yawan ruwan na sama ne da ya sauka a cikin Nijeriya, ya biyo koguna irin su Katsina-Ala da Taraba. Ruwan Lagdo ma dai yana da sanarwa: a 2024 an bayyana cewa za a fara saki ran 17 ga Satumba, aka ambaci jihohi 11 da abin zai shafa. Rafin bayan gari kuwa ba wanda ke rubuto takarda a madadinsa.

Ruwan da ba ya sallama

Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja ke nan. Ruwa ya kwana yana zuba, da asubahin 29 ga Mayu, 2025, ya gangaro kan unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya tafi da gidaje da masu barci a ciki, har da almajirai. Gawawwakin da aka samu cikin kwanakin farko sun wuce 150, waɗansu kuwa ba a gan su ba har yau. Irin wannan ruwa ba ya ba da kwanaki, sa'o'i yake bayarwa, wani lokaci mintoci. Kundin shekara ba ya maganinsa. Maganinsa ma'aunin ruwan sama a kan tudu, da mutumin da ba ya barci a daren marka, da ƙaho ko lasifikar da za ta tashi unguwa.

Madatsun ruwa su ma haka. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, Sakkwatawa kuma suna tune da ruwan 2010 da ya yanke gadar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ita kanta Alau, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1980, ta taɓa cinye Maiduguri a 1994. Garin da ke ƙarƙashin madatsa ya kamata kowane mai unguwa a cikinsa ya san iyakar inda ruwa zai kai in ta fashe, da hanyar da mutanensa za su bi. Wannan ba ya bukatar tauraron ɗan Adam, taswira ce da zama da jama'a.

Abin da Bangaladash ta yi

Ƙasar da ake yawan ba da misali da ita a wannan fage ba mai arziki ba ce. A watan Nuwamba na 1970 wata mahaukaciyar guguwar teku ta afka wa gaɓar Bangaladash, lokacin tana Pakistan ta Gabas, ta kashe aƙalla mutum 300,000. Masana yanayi sun ga guguwar tana tafe, amma labarin bai kai ga masunta da manoman tsibirai yadda za su gane ba. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa kai na ƙauyuka. Yau sun haura 70,000, kusan rabinsu mata ne. In sanarwa ta fito daga Dakka sai a aiko ta rediyon oba-oba, su kuwa su ɗaga tuta, ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon haɗarin, su hau kekuna da lasifikar hannu suna bi gida-gida.

Duk da haka guguwar 1991 ta kashe wajen mutum 138,000, domin da yawa sun ji amma ba su da wurin zuwa, waɗansu kuma sun sha jin gargaɗin da bai tabbata ba, suka yi zamansu. Daga nan aka dukufa gina dubban mafaka na kankare a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a sauran kwanakin shekara makarantu ne, aka kuma tara tuddan ƙasa domin shanu. Sa'ad da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfi mai kama da na dā, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba. Tudun shanun nan abin lura ne ƙwarai. Sun gane cewa talaka ba zai gudu ya bar saniyarsa ba, sai suka yi wa saniyar wuri.

Dalilin da ya sa ba a tashi

A nan gida, duk lokacin da ruwa ya ci gari akan ji jami'i yana cewa an gaya wa mutane su koma kan tudu sun ƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Manomin fadamar Haɗeja ko Auyo da aka ce ya tashi a watan Satumba, shinkafarsa ta fid da kai, bashin taki yana wuyansa, awakinsa suna turke, rumbunsa da sauran hatsi. In ya tafi, wa zai tsare masa? Tudun da ake faɗi kuma gonar wani ce, ko ajin firamare da za a cusa iyali goma a ciki ba makewayi. Ya kuma tuna bara an ce ruwa zai zo bai zo ba. Mutumin da ya auna duk wannan ya zauna ba jahili ba ne, lissafi ya yi, ko da lissafin ya zo ya kife da shi.

Sa'an nan ga yadda ake faɗin gargaɗin. A ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari tsakanin Yuli da Satumba, alhali ƙaramar hukumar tana da ƙauyuka fiye da ɗari, waɗansu a kan dutse, waɗansu a bakin gulbi, kowa sai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. An fara gyara wannan. Kundin 2025 ya sauko har kan garuruwa, ya ambaci 1,249 a ƙananan hukumomi 176, NiMet kuma tana fassara hasashenta zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka. Sai dai fassarar da ta tsaya a intanet ba ta kai ga matar da ke cikin kulle a ƙauyen da ba lantarki ba.

Abin mamaki shi ne hanyar isar da saƙo tana nan tun kafin zuwan Turawa. Magana takan tashi daga fada ta bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa, sankira ya kewaya gari da ita kafin magariba. Sarkin ruwa da masunta sun san launin kogi da irin tarkacen da yake ɗaukowa in ya cika daga sama. Kowace unguwa tana da masallaci mai lasifika, kowane gida yana da rediyo ko wayar hannu. Da wannan hanya aka yaƙi shan-inna a Arewa, sa'ad da aka sa sarakuna a gaba, har aka ba da shaidar kawar da cutar daga Afirka a 2020. Ambaliya kuwa takardarta takan tashi daga Abuja zuwa ofishin gwamna, daga nan zuwa hukumar agaji ta jiha, wadda sau da yawa ba ta ganin kuɗi sai bayan ruwa ya yi ɓarna, lokacin rabon tabarmi da buhunan shinkafa. An tanadi kwamitin agajin gaggawa a ƙananan hukumomi, amma a wurare da dama sunansa kawai ake ji.

Wa'adin 2027

A watan Maris na 2022 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira da a tabbatar kowane ɗan Adam yana ƙarƙashin tsarin gargaɗi cikin shekara biyar, ya ce a Afirka mutum shida cikin goma ba su da shi. Ƙididdigar da Majalisar ke kafa hujja da ita ta nuna cewa sanarwar sa'a 24 kafin masifa tana iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. Wa'adin zai cika a ƙarshen 2027.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Ita kuwa madatsar Dasin Hausa ta Jihar Adamawa, wadda aka tsara tun zamanin gina Lagdo domin ta tare ruwan da za a riƙa sakowa, shekara arba'in da ɗoriya ke nan ba a gina ta ba. Garuruwan Yola da Numan da Ibi da Makurdi sun dogara ne ga takardar da za ta fito daga Kamaru, da lambar da ma'aikaci zai karanta a Wuro Bokki, da kuma ko akwai wanda zai kai labarin bakin kogi kafin dare.