Wa Ya Yi, Ko Me Ya Jawo?

A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta sa aka auna jinin yaran, aka ga gubar dalma. Da an tsaya nan, da an raba magani an watse. Amma aka ci gaba da tambaya. Ina dalmar ta fito? Daga duwatsun zinariya. Yaya ta kai ga yaron da bai taɓa zuwa ramin haƙa ba? A cikin gari ake daka duwatsun ana niƙa su, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yake rarrafe yana kai hannu baki. Shi ya sa likitocin suka nace a kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa, domin yaron da aka wanke wa jini idan ya koma gida mai guba, an koma 'yar gidan jiya. Kafin a shawo kan abin, yara sama da 400 sun rasu.

Wannan bin diddigi shi ne ƙashin bayan kula da ingancin aiki. A kamfanin motoci na Toyota, injiniya Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata cewa idan inji ya tsaya, su tambayi dalili sau biyar, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba. Ba'amurke Edwards Deming, wanda ya koyar da masu masana'antun Japan tun 1950, ya dage kan cewa mafi yawan kurakurai daga tsarin aiki suke, kuma tsarin yana hannun shugabanni.

Mu dawo gida. A ɗauka famfon tuƙa-tuƙa ya mutu a wani ƙauyen Kusada, karo na uku a shekara guda. Abin da aka saba shi ne a kira makanike, a canza roba, a ce yara ne masu tuƙin ganganci. To me ya sa robar ke saurin cinyewa? Wataƙila yashi ke shigowa. Me ya sa yashi ke shigowa? Ba a zuba tsakuwar tacewa yadda ya kamata ba lokacin haƙa burtsatsen. Me ya sa aka karɓi aikin a haka? Babu masanin da ya tsaya a kan ɗan kwangila, kuma an biya shi kafin a gwada ruwan. Ka ga magana ta tashi daga bakin famfo ta isa teburin mai sa hannu a sakatariya. A nan ne da yawa ke janye jiki, domin tambaya ta huɗu ko ta biyar kan nuna wanda ya fara yin ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ƙadangaren muke ta bi da sanda.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar tuhuma. Shugaban da ke fara cewa "wa ya yi?" yana koya wa na ƙasa da shi ɓoye ɓarna. Ma'aikaciyar asibitin da ta ga firjin allurar rigakafi ya ɗumama cikin dare, idan ta san faɗa zai jawo mata tuhuma, shiru za ta yi, a yi wa yara allurar da ƙarfinta ya ragu. Idan kuwa ta san za a zauna da ita a duba batir da faifan sola da jadawalin masu kwana, da sassafe za ta kawo rahoto. Wannan bai hana hukunta mai sakaci da gangan ba, sai dai bincike ya riga hukunci.

Kankiya na da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, don haka a nan ya dace ɗabi'ar bin diddigi ta kafu tun daga aji. Kuɗinta kaɗan ne: littafi guda a kowane sashe, a rubuta abin da ya lalace, ranar da ya lalace, dalilin da aka gano, da wanda zai dawo bayan wata guda ya duba ko gyaran ya riƙe. Duk matsalar da ta bayyana sau uku a littafin, shugaban sashe ya bar kujerarsa ya je wurin da ƙafarsa, ya fara sauraron makanike da mai gadi kafin ya ɗauki biro.