Karatu Kai-tsaye ta Intanet: Yadda Yake Gudana da Abin da Yake Buƙata

A watan Maris na 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Watanni biyu bayan haka, ranar 13 ga Mayu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo ƙarƙashin jagorancin Shugaba Muhammadu Buhari. Tun daga lokacin manhajoji irin su Zoom da Google Meet da Microsoft Teams suka samu gindin zama a makarantu da ofisoshi.

Abin da ya bambanta wannan tsari da kallon darasin da aka naɗa shi ne malami da ɗalibai suna haɗuwa a lokaci guda. Malami zai aika da adireshin shiga, ya nuna abin da ke fuskar kwamfutarsa, ɗalibi kuma ya danna alamar ɗaga hannu ya yi tambaya, a ba shi amsa nan take. Ana iya raba mahalarta zuwa ƙananan rukunoni su tattauna, sannan a dawo da su zaure ɗaya. Ga ma'aikatar da ke da rassa a jihohi, wannan na nufin jami'in da ke Maiduguri da takwaransa na Kalaba za su halarci horo guda ba tare da an biya kuɗin mota da masauki ba.

Sai dai kyautar da manhajojin ke yi tana da iyaka. Zoom na katse zama bayan minti 40 ga wanda bai biya ba, Google Meet kuma bayan sa'a ɗaya idan taron rukuni ne, kuma dukansu mutum 100 suke ɗauka.

Babban nauyin yana kan ɗalibi. Zaman sa'a guda da kyamara a kunne yana iya cinye kusan gigabait ɗaya na data, ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Idan aka haɗa da ɗaukewar wuta da raunin sabis a karkara, za a fahimci dalilin da ya sa jihohi irin su Kaduna suka koma ga rediyo da talabijin lokacin kullen. Jami'o'in gwamnati kuwa ba su ma samu damar gwadawa sosai ba a wannan shekara, domin ƙungiyar ASUU ta shafe daga Maris zuwa Disamba tana yajin aiki.

Saboda haka malamin da ya san halin ɗalibansa yakan bar su su kashe kyamara, ya naɗi darasin domin wanda layinsa ya yanke, ya kuma aika da takardu tun kafin zama. Kashe kyamarar ma na da nasa aibin: ma'aikaci na iya shiga horo, sunansa na kan allo, shi kuwa yana kasuwa. Maganin wannan shi ne gajeren zama da yawan jefa tambaya, ba dogon jawabin sa'o'i uku ba. Sanya kalmar sirri da tantance masu shiga kuma na hana baƙi kutsawa cikin aji, musamman ajin yara.

Akwai kuma abin da allo ba ya iya koyarwa. Ana iya bayyana wa ma'aikaciyar jinya ƙa'idar yin allura ta bidiyo, amma hannunta ba zai saba ba sai a asibiti, a gaban wanda ya ƙware. Wannan ne ya sa hatta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 domin karatu daga nesa, take riƙe da cibiyoyin karatu a jihohi, inda ɗalibanta ke zuwa da ƙafarsu su rubuta jarrabawa.