Zazzaɓin Da Ba Maleriya Ba: Alaƙar Ƙwayar Cutar Bairas Da Lufus A Jikin Yara

A gidajenmu na Nima da Maamobi, da zarar jikin yaro ya yi zafi, maleriya ce ke fara zuwa ran iyaye, kuma sau da yawa ita ce ɗin. Amma akwai yarinyar da za a ba ta magani, zazzaɓin ya lafa ya sake dawowa, gaɓoɓinta na ciwo, gashinta na zuba, an gwada maleriya da sikila ba a samu komai ba. Cikin cututtukan da ke zuwa da wannan kama akwai lufus.

Lufus cuta ce da garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta afka wa fata da gaɓoɓi da jini da ƙodar mai ita. Ta fi kama mata, kuma ta fi yawa a baƙar fata a kan Turawa. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu ita tun suna yara take fara musu, kuma a jikin yaro ta fi tsanani, ta fi saurin taɓa ƙoda.

Ƙwayar cutar da masana suka fi zargi da tayar da ita, bairas ce mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964. Ta miyau take yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Wani bincike kan jarirai a nan Accra, wanda aka wallafa a 1978, ya nuna mafi yawansu sun kamu da ita kafin su cika shekara 2, ba tare da wata rashin lafiya ta a-zo-a-gani ba.

A 1997, masu bincike a Oklahoma ta Amurka sun gwada yara da matasa 117 masu lufus, suka samu shaidar ƙwayar a jikin 116. A cikin takwarorinsu 153 masu lafiya kuwa, 107 ne kawai suka taɓa kamuwa. Bayanin masana shi ne, ƙwayar tana ɓuya har ƙarshen rayuwa a cikin ƙwayoyin jinin da ke haɗa makaman garkuwa. Sannan wani sashe nata ya yi kama da sassan jikin mutum, sai garkuwar ta ruɗe, ta kasa bambance baƙo da ɗan gida.

To me ya sa ba kowane yaro ke samun lufus ba? Saboda ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba. Sai ta tarar da jikin da ya gaji raunin, ga kuma sauye-sauyen balaga da yawan shiga rana suna ƙara ingizawa. Don haka ba a ɗaukar lufus daga wani. Kada a ware wa yarinya kwano, kada a hana ta makaranta, kada a ce jifa ne.

Idan zazzaɓi ya yi makonni yana dawowa, tare da gyambon baki, ko tabo a kumatu da karan hanci, ko kumburin fuska da ƙafa, ko fitsari mai kumfa, a kai yaron babban asibitin Maamobi ko na yara na Princess Marie Louise, a nemi gwajin jini da na fitsari. In an yi zargin lufus, akwai ƙwararru a asibitin koyarwa na Korle Bu. Gwaji ne ke rarrabewa, domin wata bairas mai suna parvovirus B19 tana kwaikwayon lufus, amma ita takan wuce da kanta.

Ba a samu maganin da ke warkar da lufus gaba ɗaya ba tukuna, amma magunguna irin su hydroxychloroquine da prednisolone suna kwantar da ita, yaro ya ci gaba da karatunsa. Kada a saye su a shagon magani ba tare da likita ba, kada kuma a daina sha don an ga sauƙi. Ƙoda kan lalace a ɓoye, ba tare da ciwo ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.