Shin Ko Kun San? Ɗaurin Sifok a Wilin Keke

Shin ko kun san cewa kowane sifok guda a wilin keke, in ɗaurin ya yi yadda ake so, yana jure jan da ya kai nauyin kilo 100? Waya ce mai kaurin milimita 2 kacal, amma haka take a ɗame dare da rana, ko ana tafiya ko keken na jingine a zaure. Idan guda 36 suka haɗu suna jan rim zuwa ciki, matsin da ke zagaye jikin rim ɗin ya haura kilo 500 tun kafin kowa ya hau.

Ko kun san ba don keke aka fara tunanin irin wannan ƙafa ba? A 1808 wani mutumin Ingila, George Cayley, yana neman ƙafa marar nauyi da zai sa wa jirgin saman da yake ƙoƙarin ƙerawa, sai ya tsara wili wanda ja ke riƙe shi maimakon sandunan katako. A 1869 Eugène Meyer ya yi rajistar wilin waya na keke a Paris. A 1874 kuma James Starley na birnin Coventry ya kawo saƙar da muke gani yau, inda sifok ke fita daga hob a karkace yana gitta 'yan'uwansa. Wannan gittawa ce ke kai ƙarfin feda ga taya ba tare da hob ya murɗe a tsakanin wayoyin ba, kuma har gobe saƙar da aka fi yi ita ce kowane sifok ya gitta uku. Katon lilon nan na Landan, London Eye, mai tsayin mita 135, shi ma igiyoyin ƙarfe a ɗame ne ke riƙe da shi a kan wannan tsari.

Shin ko kun san abin da ke faruwa da wayoyin idan mutum ya hau? Da yawa na zaton na sama ne ke ƙara ɗamewa. Injiniya Jobst Brandt, a littafinsa The Bicycle Wheel na 1981, ya nuna ba haka abin yake ba: na sama kusan ba sa canjawa, 'yan kaɗan da ke ƙasa, daidai inda taya ta taka, su ne ke sassautawa. Rim ya ɗan lotsa a wurin, wayar ta rage ja, wili ya juya ta koma yadda take. A wili mai inci 28 wannan na faruwa da kowane sifok kusan sau 450 a kilomita ɗaya.

To, a nan maganar take. In ɗaurin yana da ƙarfi, wayar za ta rage ja ne kawai, ba za ta saki ba. In kuwa sako-sako ne, kowane juyi sai ta saki sarai, notin da ke riƙe ta a rim ya soma kwance kansa, gwiwar sifok ɗin da ke maƙale a hob ta yi ta motsi har ƙarfen ya gaji ya ɓalle. Ku duba karyayyen sifok na gaba da zai faɗo hannunku, galibi a gwiwar nan za ku ga ya rabu. Saboda haka ina jin zafi duk lokacin da na ji an ce a sassauta waya don kada ta tsinke. Mai ɗora buhun hatsi ko jarkokin ruwa a kariya ya fi kowa bukatar ɗauri mai ƙarfi, domin nauyinsa ne ke cinye jan wayoyin ƙasa.

Amma akwai iyaka. In aka wuce gona da iri, ramukan rim su tsage, ko rim ɗin ya lanƙwashe gaba ɗaya lokaci guda. Rim na zamani da yawa iyakarsu tana wajen kilo 120 ne a kowane sifok.

Kun san kuwa sifok mai siririyar tsakiya, milimita 2 a baki da baki, 1.8 a ciki, ya fi mai kauri bai-ɗaya daɗewa? Tsakiyar tana miƙewa, sai ta ɗauke wa gwiwa wahala.

Shin ko kun san ana iya ɗaura wili a tsakar gida ba tare da na'urar shago ba? Abin bukata shi ne sifanar sifok wadda ta kama notin daram, sukundireba, ɗan mai, sai keken kansa a kife ƙafafu sama. Sifanar da ta yi wa noti yawa cinye masa kusurwa take yi, kuma notin da ya cinye sai filaya, daga nan aiki ya ɓaci. Tsawon sifok ma ba a yi masa wasa: kuskuren milimita 2 ko 3 ya isa zare ya ƙare kafin a samu ja, ko kan wayar ya leƙo ya huda tib. Kafin a soma, a ɗiga mai a zaren kowane sifok da bakin ramin da noti zai zauna. Wajen saƙa kuma a lura ramin bawul ya faɗo a inda wayoyi biyu suka buɗe, ba ƙarƙashin gittawa ba, don famfo ya samu wurin shiga.

Ko kun san zaren sifok 56 ne a inci guda? Juyi ɗaya cikakke na noti bai kai rabin milimita ba, duk da haka ya isa ya kautar da rim. Shi ya sa gwanaye ke aiki da rabin juyi, in an zo ƙarshe kuma rubu'i. Da farko a murɗa duk notocin daidai wa daida, har zaren ya ɓace a kowanne. Daga nan a fara daga ramin bawul don kada lissafi ya ɓace, a zagaye wili ana ƙara wa kowa rabin juyi, a sake zagayowa, a sake. Mai gaggawar da ya ɗame waya biyar a gefe guda kafin sauran, shi da kansa ya karkatar da rim ɗinsa.

Robar birki ce ma'auni. A juya wili a hankali, a sa ido a kan 'yar tazarar da ke tsakanin roba da rim. Inda rim ya goga hagu, a ɗan ɗame wayoyin da suka fito daga gefen dama na hob, a ɗan sassauta na hagu. Inda ya yi tudu waje, a ɗame ɓangarorin biyu tare. Don a san ko rim ya zauna tsakiya, a cire wilin a juya shi a mayar. In tazarar da ke tsakaninsa da fok ba ta canja ba, ya zauna.

Shin ko kun san wili na iya juyawa sumul, ba ya goga ko'ina, amma ya kasance mugun wili? Wannan shi ne abin da ya fi yaudarar sabon hannu. Waya ɗaya a ɗame ƙwarai kusa da wata sako-sako za su iya riƙe rim a miƙe yau, bayan 'yan kwanaki a hanya mai ramuka sai ya goce. Ido ba ya ganin wannan, kunne ne ke jin sa. Ku kaɗa kowane sifok da farce kamar tsirkiyar garaya: mai ɗauri ya yi ƙara siririya, sako-sako ya yi wata murya dusasshiya. Ana son wayoyin gefe ɗaya su yi murya kusan ɗaya. Sai dai a kasa kunne da kyau, domin murya ba ta tashi daidai da ja. Bambancin kashi 20 cikin 100 a ɗauri kusan kashi 10 ne kawai a murya. In aka ji wadda ta dusashe, a ƙara mata kaɗan, a rage wa maƙwabtanta na gefe ɗaya da suka yi tsini, rim zai tsaya inda yake. Akwai kuma ɗan awo, irin TM-1 na kamfanin Park Tool, wanda ke matse waya ya auna yadda ta lanƙwasa. Kamfanin ya ba da shawarar kada wani sifok ya kauce wa matsakaicin gefensa da fiye da kashi 20.

Na ce gefe ɗaya da dalili. A wilin baya na keke mai giya, haƙoran sarƙa sun ci wuri a dama, don haka wayoyin dama sun fi tsayuwa tsaye kuma sun fi ɗamewa, na hagu wani lokacin da ƙyar suke wuce rabin jansu. Wanda ya nace sai ɓangarorin biyu sun yi murya ɗaya zai ja rim ya bar tsakiya.

Ko kun san tsofaffin kekunan Ingila irin su Raleigh sifok 32 ake sa musu a gaba, 40 a baya, saboda baya ke ɗaukar mafi yawan nauyi?

Shin ko kun san ƙarar ƙyas-ƙyas da sabon wili ke yi a hawan farko alama ce ta aikin da ba a ƙarasa ba? Yayin murɗa noti, wayar kanta kan murɗu. In nauyi ya hau sai ta warware, ɗaurin ya canja. Maganinsa, a riƙa wuce inda ake so da rubu'in juyi sannan a dawo baya. Bayan haka a sa safar hannu ko a naɗe hannu da tsumma, a kama wayoyi bibbiyu da ke tafiya kusa da juna, a matse su da ƙarfi sosai, a zagaye wilin duka. Wannan matsa ce ke zaunar da gwiwa a ramin hob, ta kuma rage gajiyar da lanƙwasa ta bari a ƙarfen. In rim ya ɗan goce bayan matsar, a gyara a sake matsawa, har sai an matsa bai motsa ba, sannan a shimfiɗa robar da ke rufe kan notoci a sa tib da taya.