Kayan Gado a Ƙirar Kumbo: Amfaninsu da Haɗarinsu

1. Gabatarwa

Ƙera kumbo aiki ne mai cin kuɗi da shekaru. Saboda haka ba kasafai injiniyoyi suke fara komai daga tushe ba. Sukan ɗauko inji, ko na'ura, ko manhajar kwamfuta da ta riga ta yi aiki a wani kumbo, su saka a cikin sabo. Irin waɗannan su ne ake nufi da kayan gado a wannan takarda. Amfaninsu a fili yake: suna rage tsada, suna gajarta lokaci, kuma an riga an san halinsu. Rokar Soyuz ta Rasha, alal misali, ta samo asali ne daga rokar R-7 wadda ta ɗaga tauraron ɗan'adam na farko a 1957. Sai dai abin da ya yi aiki lafiya a wuri ɗaya yana iya zama sanadin hasara a wani wuri. Za a duba misalai uku, sannan a kawo yadda ake auna haɗarin.

2. Ariane 5, 1996

Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba rokar Ariane 5 ta Turai karo na farko daga Kuru, a Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu masu suna Cluster. Ba ta cika daƙiƙa 40 da tashi ba ta karkace, ta tarwatse.

Kwamitin bincike, ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions, ya gano cewa matsalar ta faro daga na'urar da ke sanar da roka inda take da inda ta dosa. An gado manhajar wannan na'ura daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki ba tare da tangarɗa ba. A cikinta akwai wani lissafi da ke ɗaukar adadi daga ma'aji mai gurbi 64 ya zuba shi a ma'aji mai gurbi 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Adadin yana da nasaba da gudun roka a kwance, wato ta gefe. A Ariane 4 an lissafa an ga ba zai kai wannan iyaka ba, don haka ba a yi masa kariya ba. Ita kuwa Ariane 5 gudunta a kwance ya ninka na yayarta sau da yawa tun a daƙiƙoƙin farko. Adadin ya fi ƙarfin ma'ajin, kamar a ce za a juye buhun gero a mudu, sai na'urar ta tsaya.

Akwai na'ura ta biyu da aka tanada domin irin wannan rana, amma manhajarsu ɗaya ce, kuma ita ce ma ta riga tsayawa. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon kuskure ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗa bakunan injuna har iyaka. Abin takaici, lissafin da ya jawo wannan ba shi da amfani bayan tashi. An bar shi yana gudana ne don wata buƙata ta Ariane 4 wadda Ariane 5 ba ta da ita, kuma ba a gwada na'urar da bayanan tafiyar sabuwar rokar ba. Sai a shekarar 2000 aka harba madadin taurarin Cluster, da rokar Soyuz.

3. Mars Observer, 1993

Hukumar NASA ta Amurka ta harba wannan kumbo a watan Satumba 1992. An ɗauko ƙirar gangar jikinsa daga taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya, na sadarwa da na duba yanayi. Ranar 21 ga Agusta 1993, saura kwana uku ya shiga kewayen duniyar Mars, aka daina jin ɗuriyarsa, daidai lokacin da ake ƙara matsin iska a tankunan mai.

Kwamitin bincike ya ce abin da ya fi kama da dalili shi ne yoyo. Injin yana aiki da ruwaye biyu waɗanda ke kamawa da wuta da zarar sun haɗu. A cikin wata 11 na tafiya, tururin ɗayan ya riƙa sulalewa kaɗan-kaɗan ta murfin da ya kamata ya tare shi, ya taru a bututu mai sanyi. Da aka saki iska sai ta tura shi ya haɗu da ɗan'uwansa, bututun ya fashe. A taurarin da aka gado ƙirar daga gare su, wannan aiki akan yi shi ne jim kaɗan bayan harbawa, kafin yoyo ya taru. Wato kayan ba su canza ba, tsawon tafiyar ne ya canza.

4. Genesis, 2004

Kumbon Genesis ya tattaro ƙwayoyin da rana ke fesowa, ya sako su a cikin wata tukunya ranar 8 ga Satumba 2004. Laimar saukarta ba ta buɗe ba, ta daki ƙasa a hamadar Yuta da gudun fiye da kilomita 300 a sa'a. An gano cewa ƙananan na'urorin da za su ji raguwar gudu su ba da umarnin buɗe laima an zana su a juye. An gado tsarin daga kumbon Stardust, amma an sake shimfiɗa shi, sannan aka ci gaba da ɗaukarsa a matsayin abin da aka riga aka tabbatar, aka bar gwajin da zai tona kuskuren. Tukunyar Stardust kuwa ta sauka lafiya a 2006.

5. Yadda ake auna haɗarin

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da tambayoyi biyar da ya kamata a yi wa kowane kayan gado:

(a) Shi ne ainihin wanda ya yi aiki a da, ko an taɓa shi, ko da kaɗan ne?
(b) Zafi, da sanyi, da girgiza, da gudu, da tsawon tafiya na sabon aikin suna cikin iyakar da aka ƙera shi a kai?
(c) Waɗanne zato masu ƙirar farko suka yi, kuma an rubuta su a inda magada za su gani?
(d) Akwai wani sashe da sabon aikin ba ya buƙata amma aka bar shi yana aiki?
(e) Na'urar da aka tanada don ko-ta-kwana tana da rauni iri ɗaya da ta farko?

Idan amsar ɗaya daga cikinsu ta kawo shakka, sai a ɗauki abin tamkar sabo, a gwada shi a yanayin da zai tarar. Haka hukumar sararin samaniya ta Turai ta yi da Venus Express a 2005. Ta ɗauko ƙirar Mars Express, amma ta sake rufin kariya daga zafi da faifan tara hasken rana, domin Venus ta fi Mars kusa da rana ƙwarai.

6. Kammalawa

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Nasarar da na'ura ta samu a baya shaida ce a kan aikin da ta yi kawai, a yanayin da ta yi shi. Bayan an gyara kurakuran 1996, Ariane 5 ta yi aiki har zuwa 2023, kuma ita ce ta ɗaga madubin hangen nesa na James Webb a watan Disamba 2021.